Hular da Na Sauke

Kwanana uku da kama aiki a tashar rarraba wutar lantarki ta Zuru na yi sanadin mutuwar mutum, kuma ladabi ne ya kai ni.

Daga Birnin Kebbi aka yi mini canji, cikin daminar shekarar da wayar salula ta fara shigowa garin. Na tarar an kwana tara babu wuta. Ma'aikata na zaune gindin mangwaro suna dara, ni kuma aka ba ni ɗakin makunnai, aka ce ga littafin aiki nan, in wuta ta zo in raba wa unguwanni. Iyakar bayanin da aka yi mini ke nan.

Babban mai gyaranmu wani tsohon soja ne, Kirista, mutumin Rikoto. Kowa Baba yake ce masa. Shi kaɗai ya san inda kebul ɗin da aka binne ya bi ta ƙarƙashin hanyar kasuwa, har tsokanarsa ake yi wai tare aka binne su. Ranar da na zo ya raba rogonsa biyu ya miƙo mini rabi, ya ce mutanen Kabi sai shinkafa, yau in ci abincin maza.

A takarda, dokar aikinmu ba ta da wuya. Kafin mutum ya taɓa kebul sai an rubuta masa izini, a sa wa makunni kwaɗo, a rataya allon gargaɗi. A Zuru kuwa Baba yana da tasa dokar. In zai shiga rami, sai ya cire hular ulun da matarsa ta saƙa masa ya rataya a hannun makunnin layin. Duk wanda ya ga hular ya san Baba na ƙasa. Shekara da shekaru haka suke yi, har abin ya zame musu jiki, ba wanda ya tuna baƙo bai sani ba.

Da safiyar rana ta uku na shigo na ga hula a jikin ƙarfe mai baƙin mai, ƙura na zuba mata. Raina ya ɓaci. A gidanmu ba a barin hular babba a wulaƙance. Na sauke ta, na kakkaɓe, na ninke, na sa a aljihun tebur, ina jin na yi abin kirki.

Wajen azahar wuta ta zo. Kafin ka ce me, masu injin niƙa da masu ƙanƙara sun cika ƙofa da babura suna kiran a taimaka. Na buɗe littafi, babu izinin kowa. Na duba makunni, babu kwaɗo, babu allo. Na yi bisimilla na tura hannun makunnin layin kasuwa. Nan take ya buga ya dawo da wata ƙara da har yau nake ji a haƙorana.

Direbanmu ne ya faɗo ɗakin a guje. Bai dube ni ba, ƙarfen ya duba.

"Wa ac cire hular Baba?" ya ce.

Ruwa ne ya shiga mahaɗin kebul, Baba ya sa aka tona, ya sauka yana gyara da hannunsa. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Masu bincike suka zo suka wanke ni tas, wai na bi doka. A makon nan aka buɗe sito aka fito da kwaɗuna da allunan gargaɗi, sababbi fil cikin kwali, gara ta fara cin gindinsa. Na tsaya ina kallonsu. Daga ranar na zama mugu a tashar. Ba takarda, ba kwaɗo, ba mai sauka rami, ko da garin zai kwana wata a duhu. An zage ni, ban damu ba.

Sai bayan sati biyu na iya kai hular gidansa a Rikoto. Na samu matarsa a tsakar gida tana sussukar dawa. Na durƙusa na miƙa mata. Ta juya ta, ta ga ninkin.

"Kullum yana ce mini muddin tana rataye zai dawo ya ɗauka," ta ce. "Wane ne ya sauke ta?"

"Ni ne, Mama."

"Don me?"

"Na ga ƙura na zuba mata."

Ta daɗe tana shafa hular a cinyarta. Na so ta zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi.

"An yi maka tarbiyya, ɗana," ta ce. "Da ma sun gaya maka."

Ta tashi ta ɗebo mini ruwa a kwano. Na karɓa da hannu biyu, na kasa sha.