Zailani Mai Shanya Albarushi

"Kai, dubi Zailani, ya sake baza albarushi a faifai. Sai ka ce barkono yake shanyawa!"

"Rabu da shi. Ba ka nan ne ran da bindiga ta yi masa shiru."

Zailani yana jin maƙwabtan nasa daga bakin rumfarsa a Sabon Gari, bai ɗago ba. Tun zuwan jirgin ƙasa shi ke raka fatake masu kawo fatu tasha, da bindigarsa mai ƙanƙara. Wata damina 'yan fashi suka tare su a mashigar kogin Kubanni. Ya ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta, amma albarushin ya yi danshi, bai kama ba. Kibiyar da ta same shi a kafaɗa ita ta shanye masa hannun dama.

Yau ɗansa Jafaru ne zai fita rakiya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Zailani ya ɗura busasshen albarushin a ƙaho da hagunsa, ya liƙe bakin da kakin zuma. Jafaru ya saɓa bindiga yana murmushi, da ya ga uban ya jawo kwari da baka, ya ce ai yanzu an daina yayin baka.

"Na ji," in ji Zailani, yana miƙa masa kwari da baka. "Amma don Allah, ɗana, rataya wannan ma."