Mahasin, Tafintar da Ba a Yi wa Raɗa

Kullum da safe Mahasin takan fito daga unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, ta kutsa cikin ƙaramar bas, ta sauka ta hau jirgin ƙasa na metro, ta isa unguwar Mohandessin mayafinta bai ko karkace ba. Bahaushiyar Sudan ce, tafinta, tana juya Hausa da Larabci da Turanci a ofisoshin da ke ɗaukar ta aikin yini. Bana ta ajiye aikin, kunne ya yi nauyi. Na san manyan da ajiye aikin nata zai yi wa daɗi.

Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma takan faɗa tun kafin a zauna: duk maganar da aka yi a ɗakin, ta kowa ce. Kowa yakan ce "tamam", wato ya yarda, don babu mai sauraron tafinta kafin ya buƙace ta.

A shekarar 2013, kamfanin iskar gas na gwamnatin wata ƙasa, mai ofishin yanki a nan Alƙahira, ya shimfiɗa bututu ta wani ƙauyen Hausawa a Sudan. Ya tashi gidaje, ya haƙa rijiyar burtsatse guda, ya ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa. Bankin da zai ba da rance ya ce yana so ya ji daga bakin ɗan ƙauyen. Aka lalubo Habu, manomin da ya gudo Alƙahira, aka saya masa sabuwar jallabiya, aka ce ya zo ya yi godiya.

Shi kuwa Habu wansa ne a ransa. Masu gadin bututun sun kulle wan nasa, Ishaq, a cikin kwantena tun damina, saboda ya tsaya gaban motar rusau a kan kabarin ubansu. Habu ya ce da aka zaunar da shi gaban Turawan banki, sai ya dubi Mahasin.

"Yaya, in faɗa?"

"Kai ka sani, ɗan'uwa. Abin da ka faɗa shi zan kai."

Ya faɗa. Kafin ta buɗe baki, daraktan kamfanin ya sunkuyo da murmushi, ya yi mata raɗa da Larabci: "Ya Ustaza, ce musu yana godiya da ruwan. Khalas, shi ke nan."

Mahasin ta juya ga baƙin ta ce da Turanci: "Darakta ya ce in ce muku yana godiya da ruwan. Shi kuma mutumin ya ce wansa na cikin kwantena, kuma bai san ko yana da rai ba." Sannan ta juyo ta maimaita wa Habu da Hausa, don shi ma a ɗakin yake.



Ba zan ce tausayi ne ya kama bankin ba. Tsoron jarida ne, kuma a wajen wanda ke cikin kwantena duk ɗaya ne. Aka dakatar da rancen. Nan da nan kamfanin ya gano cewa yana matuƙar mutunta haƙƙin ɗan Adam, har ya buga shi a takarda mai sheƙi. Kafin Babbar Sallah aka buɗe wa Ishaq ƙofa. Ya rame, haƙori biyu babu, amma da ƙafarsa ya koma gida.

Ke ce, Mahasin, wadda ofishin nan bai sake kira ba, kuma ba ki taɓa ba da labarin da bakinki ba. Na tambaye ki ko kin ji tsoro, kika ce, "Ma'alish, ba komai, Malam, ai na gaya musu tun farko."

Mun gode, uwar gaskiya. Ku kuma matasan da ke tafinta a asibitoci da ofisoshin birnin nan, wata rana wani mai turare zai sunkuyo kunnenku. Ku yi yadda ta yi. Mai yiwuwa ku rasa aikin, ba na yi muku ƙarya. Amma makon jiya Ishaq ya bugo wa Habu waya daga gona, yana ta masifa tsuntsaye sun cinye masa dawa.