Malama Kubura, Mai Kiran Suna Sau Biyu

Idan aka sallame sallar asuba a Gwandu, tun masu koko ba su gama dama gasara ba, akwai wata ƙofar langa-langa da ke buɗewa a wani lungu bayan kasuwa. Mace ce ke fitowa, doguwa, marar jiki, da mayafi ruwan toka da jakar fata wadda igiyarta ta sha ɗinki. A cikin jakar babu komai sai littafi mai baƙin bango, fensir biyu, reza ta fiƙe su, da dunƙulen fura a ƙulle. Takan tsaya bakin tasha ta jira duk motar da Allah ya kawo, ta albasa ce ko ta awaki, ta samu gefen buhu ta zauna. Shekara ashirin da shida Malama Kubura Tambari ta yi tana wannan sammako. A watan jiya ta ajiye aiki. Ba a kafa rumfa ba, ba a yi jawabi ba. Ta miƙa mabuɗin durowarta, ta yi wa masinja sallama, ta tako gida da ƙafa.

Aikinta ba shi da suna mai daɗi a baki. Idan hukuma ko wasu masu taimako suka yi wa makaranta wani abin alheri, rijiya ce ko lambu ko littattafai, ita ake turawa bayan shekara ta gano ko abin ya taɓa rayuwar yaran, ko kuwa hoto kawai aka ɗauka aka watse. Mai jin haka zai ce ai da sauƙi, tambaya ce kawai. To amma wa za ka tambaya? Mu mutane ne da ba mu kushe kyauta. Ka ba mutumin ƙauyenmu takalmin da ya matse shi, zai sa, ya yi ɗingishi har gida, ka tambaye shi ya ce maka sai godiya. Duk takardar da ta shiga ofis daga ƙauye, amsa ɗaya ce a cikinta: alhamdu lillahi, abu ya yi kyau.

Shi ya sa Malama Kubura ta koyi tambayar abubuwan da ba su san kara ba. Wani tsohon malami ya ba ni labarin ranar da ta je wata makaranta a yankin Malisa duba littattafan karatu da aka raba. Hedimasta ya buɗe mata akwati yana murmushi, ga littattafai fes, ko kunne ɗaya bai lanƙwashe ba. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ce, "Malam, har yanzu ƙamshin kanti yake yi. Ni dauɗa na zo nema. In na dawo ban ga shatin yatsa da ɗigon manja a jikinsu ba, zan rubuta cewa ba su iso ba."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a daminar 1988, muna cikin Jihar Sakkwato tukuna, a Tungar Nagoggo, wani ɗan ƙauye da ke bayan Dangoma ta wajen Kalgo.

Makarantar garin tana da ajin 'yan mata guda ɗaya, yara talatin da ɗaya. Wasu masu taimako sun kewaye makarantar da waya, sun share dajin da ke bayanta, sun gina makewayi na siminti, ƙofa ɗaya ta maza, ɗaya ta mata, don yara su daina shiga jeji biyan buƙata. Shekara ta zagayo, aka gwada 'yan matan, aka tarar ko sunansu da yawa ba su iya rubutawa. Rajista kuwa ta nuna kullum aji cike. Sai ofis ya yanke hukunci mai sauƙi: an yi musu komai, suna zuwa, ba sa ganewa, ke nan kan ne babu. A rufe ajin a ƙarshen zango, a kwashe bencinan a kai wani gari. Abin da ya rage kawai sa hannun Malama Kubura a ƙasan takarda.

Ta isa garin da hantsi, zanenta duk taɓo. Aka tarbe ta da ruwan sanyi. Hedimasta Malam Lawal, saurayi ne baƙo da aka turo daga nesa, ya zagaya da ita. Ga ginin nan fari tas, an share gabansa har ana ganin shatin tsintsiya. Daura da shi, a gindin wani durumi, dattawan gari sun shimfiɗa buzaye suna jan tazbaha. Ta gaishe su daga nesa, ta shiga aji. Aka kira suna, talatin da ɗaya suka amsa.

Wani ma'aikacin a nan zai sa hannu ya nemi motar komawa tun rana ba ta yi zafi ba. Ita sai ta nemi tabarma ta zauna a bayan aji. Aka tashi hutun ƙarfe tara, yara suka fita, aka buga ƙarfe suka dawo. Ta miƙe ta ce, "Malam, ara mini rajistar nan." Ta sake kiran sunayen da bakinta, ɗaya bayan ɗaya. Tara suka amsa.

"Ina sauran?"

Malam Lawal ya dubi allo. "Sukan tafi gida, Malama."

"Kullum?"

"Kusan kullum."

"Karatu da lissafi, yaushe ake yin su?"

"Bayan tara."

Ta tambayi yaran da suka rage, kowace ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin ɗankwali. Ta gane ba rashin amsa ba ne, amsar ce ba ta faɗuwa. Sai ta fita wajen wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin waya, Inno Laraba, ta tsuguna kusa da kaskonta.

"Ke 'yar Gwandu, ƙosai za ki ci ko ido kika zo ba ni?"

"Ƙosai zan ci, Inno, amma ki haɗa mini da labari. Ɗiyan nan, mi suka baro gida da ba su haƙurin a tashi?"

Tsohuwa ta juya ƙosai ta yi dariya. "Ku malaman Gwandu ke nan. Ku karance takarda tas, ƙasa ta gagare ku. Ni ba a jin mutuwar sarki a bakina. Amma ƙafa ba ta iya ƙarya ba. Tashi ki dubi ƙasa."

Malama Kubura ta tashi ta dubi ƙasa. Daga aji zuwa ƙofar maza, hanya ta fito ja, ƙafa ta cinye ciyawa. Daga aji zuwa ƙofar mata, ciyawa ce kore shar, ko karaya ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta bi ƙofar da ido, ta ga inda take fuskanta: gindin durumi, inda iyayen yaran da kakanninsu ke zaune. Jejin da suke fakewa a da an share shi, waya ta tare. Yarinyar da buƙata ta kama, sai gida, gida kuwa sai an ƙetare fadama, kuma wace uwa ce za ta ga ɗiya ta shigo da rana tsaka ta bar ta ta koma, ga daka, ga goyo?

Ta koma wajen hedimasta. "Ka sani?"

"Na yi zato," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Amma ni baƙo ne, Malama. Bakin da zan buɗe in ce wa dattawan gari su tashi, ban zo da shi ba."

Ni kuwa na ce, ke ce kika zo da wannan bakin, Malama Kubura. Ke ma kunyar nan aka shayar da ke, a gidan malamai aka haife ki, inda mace ba ta ɗaga ido gaban babba. Na tabbata wannan tafiya ta taku arba'in zuwa gindin durumi ta yi miki nauyi fiye da tsayuwa a gaban kowane shugaban ofis.

Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaida mai gari, Basharu, dattijo mai fara'a. Ya amsa da jin daɗi, ya nuna ginin da sandarsa.

"Kin gani da idonki, Malama. Da can ƙofar masallaci muke zama. Ranar da anka ba mu ginin ga, na ce wa mutane, wanda ya ba ka amana ya gama da kai. Munka kwaso buzayenmu munka dawo nan. Shekara guda, akuya ba ta kusance shi ba, yaro bai zana mishi gawayi ba. Ki rubuta musu haka."

Me za ta ce? Mutum ya ba da shekara guda ta rayuwarsa don ya fita kunyar mai kyauta. Kalma ɗaya marar kyau, ta zubar masa da girma gaban jama'arsa, kuma garin da aka kunyata ba ya sake buɗe wa makaranta ƙofa.

"Zan rubuta, ranka shi daɗe," ta ce. "Amma a taimake ni da buta."

Wani ya tura mata butar alwala da gefen hannu, yana kallon wani wuri. Ta ɗauka, ta miƙe, ta nufi ƙofar mata, ciyawa na shafar ƙafarta, idon dattawa goma sha biyu a bayanta. Waɗanda suka gani sun ce tazbaha ta tsaya a hannun kowa. Da ta kai rabi sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo, ta dawo, ta ajiye butar a cike, ta sake durƙusawa.

"Ranka shi daɗe, ni ga furfura ta fara fito mini, kuma babu ubana a cikinku. Na kasa. Ina ga ɗiyar shekara goma?"

Mai gari ya dubi ƙofar, ya dubi ciyawar, ya dubi buzun da yake kai, kamar yau ya fara ganinsu. Can ya sa hannu ya shafi gemu.

"Ashe mu ne awakin," ya ce. "Mun yi gadin ɗaki, mun kori masu ɗaki."

Wani tsoho ya fara ƙyalƙyala dariya, sauran suka kama, irin dariyar da ke wanke kunya. Mai gari ya riga kowa naɗe buzunsa. Kafin la'asar majalisa ta koma ƙofar masallaci, kafin mako ya cika dattawan da kansu sun saƙa zana sun kafa ta tsakanin ƙofar mata da idon duniya.

Saura ofis, kuma ofis ya fi durumi wuya. Shugabanta ya tura mata takardar rufe aji ya ce an riga an gama magana, mota ma an tanada ta kwasar benci. Ta buɗe baƙin littafinta ta nuna masa layi biyu: da safe talatin da ɗaya, bayan tara, tara.

"Yallaɓai, yaran nan ba a gwada kansu ba. Ba su taɓa zama darasin da aka jarraba su a kai ba. A ba ni zango ɗaya. In ban ga canji ba, ni zan rako motar."

"Ke kullum sai kin mayar da aikin yini ɗaya na wata uku," in ji shi. Ta ce haka ne. Ta ƙi ɗaukar biro. Abokan aikinta sun ce daga ranar aka laƙaba mata taurin kai, kuma ƙarin girma ya riƙa tsallake ta yana faɗawa kan waɗanda ta koya wa aiki. Amma zangon, an ba ta.

Ta koma bayan wata uku ba tare da aike ba, ranar kasuwar da ta fi ɗauke yara. Ta zauna a tabarmarta har aka dawo daga tara, ta kira suna. Ashirin da bakwai. Ta ba wata yarinya alli, Salamatu, wadda a da ita ce ta fi kowa saurin ɓacewa. Yarinyar ta rubuta sunanta a allo, harafin ƙarshe ya karkace, ta goge da yawu ta gyara. Salamatun ce ta ba ni wannan labari, yau tana ɗakin mijinta, kuma ita ke karanta wa matan Tungar Nagoggo wasiƙa da katin asibiti. Ta ce da ta juyo daga allo ta ga baƙuwar nan mai tsare gida ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ajin bai rufu ba. Har gobe yana nan, ya ma haifi na biyu.

Malama, ma'aunin da ba ya karɓar gaisuwa, uwar ɗiyan da ba ki haifa ba, mun gode. Allah ya saka miki da abin da ofis bai iya ba, ya sa hutunki ya zama na lafiya, ya haskaka miki kamar yadda kika haskaka wa wasu. Ku kuma da aka danƙa wa biro a kan rayuwar yaran mutane, malamai da masu duba makarantu da masu kawo taimako, ga hanya an share muku. Kada ku amshi godiyar dattawa a madadin amsar yara. Ku zauna, ku jira, ku sake dubawa, ko da za a ce kun cika naci.

Na je gidanta a makon jiya in karanta mata abin da na rubuta. Ta saurara tana tsince shinkafa a faifai har na kai wajen ashirin da bakwai. Nan ta ɗaga hannu.

"Ka rubuta huɗun?"

Na ce waɗanne huɗu.

"Waɗanda ba su dawo ba. Shekara guda ta yi musu yawa, sun saba da gida. Hauwa'u Umaru, Hauwa'u ƙarama, Laraba Usman, Tasalla ta bakin fadama. Da na je da wuri, da wata shida ko bakwai..." Ta mayar da ido kan faifai. "Ka sa sunansu. In za a yabe ni, a yabe ni da lissafi cikakke."

Ga su nan na sa, Malama. Mu muna ƙirga ashirin da bakwai muna murna. Ita, shekara goma ke nan, huɗu take ƙirgawa.