Ƙyalle Huɗu a Bakin Inji

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da wata tsohuwar mota a garejin da ke ƙarƙashin benensu a Stains, gefen birnin Paris. Irin motocin nan ne da a da suka cika tashar Maradi, masu dogon hanci da zagayayyun fitilu, waɗanda yanzu Turawa ke gogewa su fito da su ran Lahadi ana kallo. Ta Kawu kuwa ba ta zuwa ko'ina. Shekara da shekaru yana kwancewa yana ɗaurawa, yana cewa da ita zai koma gida. Matarsa, Hajiya, takan ce in dai wannan motar ake jira, to mu gyara zama.

Abokin aikinsa a kanta shi ne Malam, tsohon makanike mutumin Tahoua. A Lyon yake, unguwar Guillotière, layi biyu tsakanin gidansa da inda nake haya. Tare suka zo ƙasar nan da Kawu tun ina rarrafe. Kowane wata yakan hau jirgin ƙasa zuwa Paris, su wuni a ƙarƙashin ƙasa suna musu a kan noti. Makullin garejin biyu ne, ɗaya a wurin Kawu, ɗaya a wurinsa. Ana ce masa Malam don yana da karatu, mutane kan je ya yi musu addu'a ko rubutun sha.

Kawu ya rasu cikin sanyi, da ciwon ƙirjin da ya daɗe yana fama da shi. Da muka dawo daga asibiti, Hajiya ta aike ni gareji in ɗauko likkafaninsa. Ita ta sayo masa a Makka, ta wanke da zamzam, ta shanya, ta zuba masa miski ta naɗe. Shi kuma ya kai shi but ɗin motar ya ajiye, wai in tafiya ta tashi komai nasa yana wuri guda.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da muka warware likkafanin, sai muka ga babban ƙyallen ya gaza da kusan kamu ɗaya. Ba da almakashi aka yanka ba, da hannu aka yaga, ga zare yana reto. Muka ja nan, muka ja can, ƙafafun Kawu suka rage a waje. Sai da aka ƙaro farin yadi na kanti aka rufe su. Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da ake cewa ana yi da guntun likkafani.

Kafin kwana biyu zancen ya kai Château Rouge, unguwar da mutanenmu ke kasuwanci a Paris, yana yawo daga shagon nama zuwa shagon atamfa. Hajiya ta daina barci. Tana ganin wani ya yanki rabon mijinta ya kai wa masu asiri. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin zuciya, tun ina makaranta ake gaya mini. Ranar sadakar uku, falo cike da mutane, Malam yana zaune a kusurwa da carbinsa, na miƙe na ce, “Makulli biyu ne. Ɗaya na mamaci ne. A tambayi mai ɗayan.”

Malam ya ɗago ya dube ni. Ya dubi ƙofar ɗakin da Hajiya take. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma, ya sa takalmansa ya fita. Shirun nan nasa ni na ɗauke shi a matsayin amsa laifi, haka ma sauran jama'a.

Wata huɗu muna zaune unguwa ɗaya ba ma gaisawa. In na hango shi a bakin tashar taram, jirgin nan na cikin gari, sai in tsallaka titi. Masu zuwa wurinsa addu'a suka ɗauke ƙafa. A masallacinmu, in an tayar da salla, sai ka ga an bar gurbin mutum guda a damansa, gurbin mutum guda a hagunsa, liman yana ta cewa a haɗa sahu ba mai matsawa. Na gani da idona, kuma a lokacin daɗi na ji. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna.

Da Hajiya ta fita takaba, ta kira ni. Za ta mayar wa masu benen da garejin ƙarshen wata, motar kuma za a sa ta a jirgin ruwa ta tafi gida. Na ce a kira masu jan mota. Ta ce a'a, ba za a fitar da ita kamar gawa ba, da ƙafarta za ta hau. Na ɗan taɓa aikin gareji a Maradi kafin in zo karatu, don haka na ce zan gwada. Wanda ya fi kowa sanin motar yana layi biyu da ni, amma ba ni da fuskar zuwa wurinsa.

Ranar wata Asabar da hantsi na sauka garejin. A waje rana tas, a ciki kuwa duhu da sanyi da warin siminti. Fitilar wurin irin mai kashe kanta ce, in ka danna ta yi 'yan mintoci ta ɗauke, sai ka lalubo bango ka sake dannawa. Na buɗe bonet. Abu ɗaya ya rage a ɗaura, kolekta, wato bututun nan mai rassa huɗu da ke raba wa inji iska da mai. Kawu ya cire shi kafin kwanciyarsa ta ƙarshe a asibiti. Na same shi a kan kanta, a goge, a naɗe cikin jarida. Ga sabon juwan a ledarsa, wanda ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta sace. Ga notuna a gwangwanin tumatir. Hularsa ta aiki tana rataye a ƙusa. Ya bar komai kamar wanda ya je alwala zai dawo.

A gefen inji akwai kafofi huɗu inda bututun ke zama. Duk makanike in ya cire kolekta yakan toshe su da tsumma don kada ƙura ko noti ya faɗa ciki. Na ga uku a toshe, bakin tsumman ya yi baƙi ƙirin da ƙura da maiƙo. Na fizge su na yar a ƙasa ban ko duba ba. Ta huɗu na leƙa da fitilar waya ban ga komai ba, daidai nan wutar garejin ta ɗauke. Na je na danna na dawo, na ce wataƙila ya manta da ita ne.

Na kankare ragowar tsohon juwan har ƙarfen ya yi sumul. Na sa sabon, na zura kolektan a kan ƙusoshinsa, na kama notunan da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ɗauki sufana na fara daga na tsakiya ina fita gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, yadda Kawu ke cewa in ka fara daga gefe ƙarfen zai karkace ya riƙa shan iskar da ba tasa ba. Na ɗora kafireta, na haɗa tiyon mai da wayar totur. Na sa sabon batir, na ɗiga mai kaɗan a bakin kafireta, na shiga na yi bisimilla na murɗa makulli.

Ta yi tari sau biyu ta tashi. Amma ba tashin lafiya ba. Duk motar tana karkarwa, kuma ƙarƙashin ƙarar injin akwai wani sauti, ja mai tsawo da ɗan fito a ƙarshe, sai shiru, sai kuma ja. Na san wannan sautin. Kwana biyar na yi ina jin sa a gefen gadon asibiti. Haka Kawu yake numfashi a ƙarshen rayuwarsa, har ɗan fiton nan.

Sai wani ƙamshi ya taso, ya danne warin mai da hayaƙi. Miski ne, wanda muka shaƙa a ɗakin wanka. Ina zaune hannuna a kan sitiyari, wuta ta sake ɗaukewa. Ni kaɗai a duhu, ga numfashin yana ja yana saki a gabana. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na kashe motar, na fito ina karo da bango, ban tsaya neman makunni ba, na haye gangaren fita da gudu.

A waje mata suna wucewa da kekunan cefanensu, bas ta tsaya ta tashi. Na jingina da ƙarfen shinge. Na yi addu'o'in da na iya. Da hankalina ya dawo, ɗan sanin da nake da shi ya gaya mini cewa injin da ƙafa uku yake tafiya, akwai kafa ɗaya da ba ta samun iska. Ƙamshin ne ban samo masa dalili ba. Na koma, wannan karon na tokare makunnin fitilar da tsinken ashana.

Na kwance duk abin da na ɗaura. Na haska kafa ta huɗu sosai, na ga wani abu can ciki, ashe tsumman zamewa ya yi. Na zura awartaki mai dogon baki na jawo shi a hankali. Ya fito fari fat, a jiƙe da mai, amma miskin ya fi man ƙarfi. Gefensa yagagge ne, zare yana reto. Na durƙusa na tsinci ukun da na yar, na warware su. Bakinsu kawai ya yi baƙi, cikinsu fari. Na jera su a kan but, kowanne faɗin tafin hannu, na auna da damtsena. Kamu ɗaya.

Ban hau wurin Hajiya da su ba. Na sa su a leda na kama jirgin Lyon. Washegari bayan azahar na buga ƙofar Malam. Ya buɗe, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Na gaishe shi, ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, da gida da aiki da sanyi, kamar jiya muka rabu. Na durƙusa na ajiye ledar a gabansa.

Bai buɗe ba. Ya ce, “Nawa ka iske?”

Na ce, “Huɗu, Malam.”

“To, madalla. Ba ka tada ta da su ciki ba dai?”

Na ce na tayar da ita da ɗaya. Ya girgiza kai ya ce Allah ya rufa asiri da bai shige ƙarƙashin bawul ba. Na ce, “Malam, kun sani ke nan?”

Ya ce, “Gabana anka yi. Mun cire kolekta, ba mu da tsumma mai tsabta ko ɗaya. Na miƙa mishi na goge hannu, ya ƙi. Ka san halinshi, ba shi sa dauɗa a bakin da mota ke shaƙa da shi. Sai ya buɗe but. Na ce mishi kar shi yi, ya yi dariya, ya ce ai ya rame, abin da ya rage ya ishe shi. Ya ce sati mai zuwa in mun ɗaura zai wanke su shi ba tela shi maida. Satin nan ne anka kwantar da shi.”

Na ce, “Don me ba ku faɗa ba? Kalma ɗaya ce. Da kun ce a je a duba inji, shi ke nan.”

Ya ce, “Matar da ta wanke mishi da zamzam da hannunta tana bayan ƙofa tana ji. Mijinta kwana uku cikin ƙasa. In tashi gaban mutane in hwaɗi ya yaga kyautarta ya toshe ma mota hanci? Na ce in bari ta fita takaba in same ta ita ɗaya. Kai ne ba ka bari ba. Bayan nan kuma wa zai buɗe mini ƙofa?”

Kunya ta rufe ni, na yi kuka a gaban tsohon nan kamar ba ni ne mai bakin nan ba. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun a kan matakalar benen, amma inda na faɗa, can zan je in warware.

Asabar ta gaba na tara duk wanda na iya samu a falon Hajiya, na jera ƙyallayen a kan tabarmar da ya ajiye makulli, na faɗi komai. Hajiya ta fito ta ɗauki farin, ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ta ce, “Wannan mutum, wannan mutum,” tana dariya hawaye na zuba. Ta ce a kira mata Malam a waya yanzu-yanzu. Mutanen da suka zo ranar ba su kai rabin na ranar sadaka ba.

Tare da Malam muka sake ɗaura kolektan, yana zaune a kan kujerar Kawu yana gaya mini notin da zan taɓa. Murɗawa ɗaya ta tashi, lafiya lau, ta haye gangaren da kanta. Ba fito, ba ja. Ƙamshin ne dai bai bar cikinta ba har ranar da aka zo ɗaukarta.

Ran Juma'a, a masallacin unguwarmu, da aka tayar da salla na ratsa sahu na je na tsaya a damansa, kafaɗata a jikin tasa. Na ga wasu suna kallona ta gefen ido. Liman ya ce a haɗa sahu, ya sake cewa. Kafin in yi kabbara na saci kallon hagunsa. Gurbin mutum guda yana nan, ba wanda ya matso.