Malamin da Aka Ce Ya Ɓata Littafi

Kowace safiya, kafin a buga ƙararrawa, Malam Sodangi yakan jingine kekensa a gindin dalbejiya, ya zauna ya fiƙe fensira arba'in da reza. Shekara talatin da biyar ke nan yana haka. Watan gobe zai ajiye aiki, kuma har yau akwai takarda a fayil ɗinsa da ta kira shi maɓarnacin kayan gwamnati. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Ni ɗalibarsa ce tun a Ƙauran Namoda. Kafin shi, karatun Turanci biyawa ne: malami ya faɗa, mu amsa da ƙarfi, mu haddace shafi guda ba mu san ko zaginmu ake yi ba. Shi kuwa cewa yake, "Kowa shi karanta layi ukku shi tsaya, shi tambayi kanshi: wa ka magana? Don mi? Mi za ya biyo baya? Na gane kuwa? Shi rubuta tambayar gefen shafi." Yau ina aikin jinya a Shinkafi, kuma ban taɓa ba yaro magani ba sai na yi wa takardar cikin kwalin waɗannan tambayoyi.

Da aka ba mu jihar Zamfara, aka aiko da sababbin littattafai. Sauran malamai suka kulle nasu a kabad don kada su yi datti. Malam ya raba wa yara nasa, suka cika gefen shafi da tambayoyi. Sai ga wani sufeto. Malama Iyatu, mai ajin kusa da nasa, tana tsaye a wurin, daga baya ta faɗa mini mutumin bai karanta ko tambaya ɗaya ba, zanen fensir kawai ya gani ya hau faɗa.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, zaɓi yarinya guda ka tambaye ta abin da ta karanta."

"Ban zo hira ba. A goge!"

"Ba ni goge tunanin ɗiyan mutane."

Shi ke nan fa. Aka tura shi ƙauyen Gurbin Bore, aka tsayar da ƙarin girmansa. Littattafan kabad kuwa, gara ta cinye su tas, ba a tuhumi kowa ba. Haba jama'a! Bara muka cika fili muna kabbara an ƙaddamar da Shari'a, ashe adalcin bai kai ga fayil ɗin malamin firamare ba?

Malam, kai ne ka buɗe mana ido, mai fensir, gagara gogewa. Mun gode, Allah ya saka maka da aljanna. Malamai, ku ji kunya ku buɗe kabad.

Mu ɗalibansa kuma, ranar Litinin muna ofishin ilimi. A ɗauko mana takardar nan, mu karanta layi uku mu tsaya. Wa ya rubuta? Don me? Ba mai tashi sai an amsa.