Ƙahon da Aka Kafa Mini a Hanyar Jos

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, abokina ya zubar mini da jini a kan dutse, ya wuce ya bar ni, ya kuma riga ni gida ya gaya wa mahaifiyata wai na kamu da fuka, ba lalle in dawo ba. Ban manta ba, ba ni kuma da niyyar mantawa.

Bayan girbi muka tashi daga ƙauyenmu kusa da Faskari, za mu cin rani Jos, haƙar kuza. Shi ɗan wanzamai ne, ko'ina za shi da zabirarsa, aska da ƙaho a ciki. Mota ta lalace mana a gindin tudu, muka ce sauran sai ƙafa.

Ni kuwa lokacin ina ji da kaina. Na tashi ina hawan duwatsun Faskari kamar akuya, sai na ɗauka dutse duk dutse ne. Na ɗora kaya a ka, har da cewa mu yi tsere. Sanyi ya hana ni jin ƙishi, gorar ruwana ko taɓa ta ban yi ba. Kafin mu kai sama kai ya fara sarawa, numfashi ya ƙi cika ƙirji, kamar ana auna mini iska da ludayi.

"Jini ne ya yi maka yawa," in ji abokina. "Duƙa in hidda maka shi."

Na duƙa. Ya tsaga ƙeyata, ya kafa ƙaho, ya zuƙa. Ina miƙewa ƙasa ta juya. Ya ce bai fita duka ba, ya sake. Daga nan ko tsayuwa ta gagare ni. Ya dube ni, ya dubi rana, ya ce in ba a yi sauri ba za a gama ɗaukar lebura. Ya jingine ni a rumfar wani dattijo mai sai da kanwa a bakin hanya, ya ce yana zuwa. Har yau yana zuwa.

Dattijon ashe mutumin Sheme ne, can wajenmu kusa da Faskari. Ya duba ƙeyata ya yi salati.

"Yaro, wa ya yi maka wagga ɓarna? Nan hwa ba Faskari ba ce. Iskar nan siririya ce, sai jiki ya saba da ita. Ungo, sha."

"Baba, ba ni jin ƙishi."

"Ban tambaye ka ba."

Ina kwance ina tunanin ƙirjina ya ƙare ke nan. Ni kaɗai ne namiji wurin mahaifiyata, manomin da ba numfashi kuwa me ya rage masa? Amma dattijon bai bar ni na yi ta kwanciya ba. Kunu, ruwa, sai ya kora ni rafi in je in dawo a hankali, kamar mai rakiyar tsohuwa. In na yi sauri ya daka mini tsawa. Kullum ya ƙara mini nisa.

Wata safiya na ɗaukar masa buhun kanwa zuwa kan tudu. Sai da na sauke na gane ashe waƙa nake yi tun daga ƙasa. Na zauna kan buhun ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Na ƙarasa Jos na yi aikina na kuza har rani ya ƙare. Abokina kuwa tuni sanyi ya koro shi gida. Ranar da na shiga gidanmu mahaifiyata ba ta ko amsa sallama ba, ta ɗora tafinta a ƙirjina.

"Ja numfashi in ji."

Na ja mata har ta ce ya isa.

Tun daga nan ban sake yi wa tudu gaggawa ba, kuma ina shan ruwa ko ban ji ƙishi ba. Har yanzu in na hau dutse na ji ƙirji ya cika, sai in ce alhamdu lillahi a fili, ko da wa ke wurin.

Abokin nan nawa kuwa a kasuwar Sheme na same shi, yana kafa wa wani ƙaho.

"A'a! Ashe ka tashi? Ka ga amfanin ƙaho!"

Na ce masa, "Jinin da ka zubar Allah ya mayar mini da abina. Amma nan gaba in ka gan ni yashe a hanya, kada ka buɗe zabira. Wuce kawai. Ita ce sana'ar da ka iya."