Tsinken da Na Auna Ƙafar Ɗana

Ban yi makaranta ba. Jikata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira.

Mai gidana ciwon suga ne ya yi ajalinsa. Likita a asibitin Shika ya ce ya riƙa tafiya da safe, sai mai gidan nawa ya je da kansa ya sayo farin kambas, daidai cif da ƙafarsa. Takalmin ya saɓule masa fata a dunduniya, ya ce ba komai. Ciwon nan bai warke ba har muka binne shi. Ba zan ce kambas ne ya kashe shi ba, Allah ne ya kira abinsa, amma daga dunduniya aka fara. Da danginsa suka zo rabon kaya, ba wanda ya ɗauki kambas ɗin, ni kuma na kasa yarwa. Na tura shi ƙarƙashin gado.

Ɗana na fari malamin sakandare ne, muna zaune gida ɗaya a Samaru. Bara aka auna shi aka ga ciwon ubansa. Aka ce ya rage tumbi, ya fara da tafiya, in jiki ya saba ya riƙa ɗan gudu. Ban san lokacin da ya shiga ɗakina ya jawo kambas ɗin ba. Wata safiya ina shara sai na ga takalman mai gidana suna shigowa ƙofar gida, ɗana a cikinsu yana ɗingishi. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Ya cire safa, ga dunduniya ta yi ja, fata ta tashi.

"Kin gani ko, Mama? Gudu ba nawa ba ne," in ji shi. "A bar wa 'yan jami'a."

Ciwon ya warke, na gode wa Allah, amma shi ya daina fita. Na ce ya je kasuwa ya gwada wani. Ya ce shi da furfurarsa ba zai tsaya yana gwada kambas ɗalibansa suna wucewa ba. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ni kuwa duk sanda na ga ya zauna yana shan ruwa kofi bayan kofi, ubansa nake gani.

Wata rana da la'asar ya dawo daga makaranta ya zauna a tsakar gida. Na zare tsinke daga tsintsiyar kwakwa, na durƙusa a gabansa.

"Mama, mene ne haka? Tashi, don Allah."

"Miƙo ƙafa, Malam. Ta hagu, ita ta fi tsawo."

Haka nake yi musu shi da ƙannensa suna yara in Kirsimeti ya matso. Ba a kwasar yara zuwa kasuwa, tsinke ake kaiwa. Na ɗora shi daga dunduniya zuwa babban yatsa, na karya a nan. Ya juyar da kai, kunya ta kama shi a gaban 'ya'yansa.

"Wannan ne na ƙarshe," ya ce. "In bai yi ba, kada a sake yi mini maganar gudu a gidan nan."

Na san shi. Zuciyar ubansa gare shi, in ya faɗa ya faɗa.

Washegari na naɗe tsinken a bakin zanena na hau bas zuwa Sabon Gari. Hannuna yana kansa tun daga tasha. A Palladan wata mata ta shigo da babban kwano, kwandasta yana ta "a matsa, a matsa," ta zauna rabi a kan kujera rabi a kan cinyata. Na ji ƙas.

Ban iya dubawa ba sai da muka sauka. Na koma gefen titi na warware bakin zanen. Tsinken ya rabu biyu, bakin karayar duk ya ragargaje. Ko wani guntu ya faɗi a mota, ban sani ba, motar kuma ta tafi. Na tsaya a rana ina tunanin komawa gida, amma in na koma ba zai sake ba ni ƙafarsa ba.

Na shiga layin 'yan gwanjo. Akwai wata mai takalma, iyayenta daga kudu suke amma a Unguwar Gabas aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta ga fuskata ta jawo mini benci.

"Mama, lafiya? Wa ya taɓa ki?"

Na nuna mata guntayen tsinken. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Rabon da in ga wannan tun ina yarinya! Jikanki ne mai wannan uwar ƙafa?"

Na ce ɗana ne, na gaya mata ciwonsa da na ubansa. Dariyar ta ɗauke. Ta haɗa guntayen baki da baki, ta riƙa zura su cikin takalma ɗaya bayan ɗaya, har ta sami wani baƙi mai kyau, tsinken ya kwanta a ciki daga gaba har baya, ba rara.

"Ga shi, kamar don shi aka yi. Amma kin san gwanjo, Mama. In ya fita kasuwa ba ya dawowa, ni ma haka nake saro shi."

Na riƙe baƙin takalmin. Irin wanda zai so ne, na mutunci. Na nemi inda zan sa yatsana a bayan tsinken, babu wuri.

"Ba ni wanda ya fi shi."

"Haba Mama, babban mutum ne fa, ya gama girma."

"Tunda nake ban taɓa sayen takalmi ban bar wurin yatsa ba. Kuma ban san abin da ya faɗi a mota ba."

Ta tona buhu har ƙasa. Guda ɗaya ne ya fi shi girma, ruwan ɗorawa, mai haske kamar rigar masu ba da hannu a titi. Mutumin da yake jin kunyar ɗalibai, ta yaya zai sa wannan? Na dubi baƙin, na dubi ruwan ɗorawar, na daɗe har mai takalma ta sallami wasu mutane ta dawo. Na zura hannu cikin ruwan ɗorawar na shafa ko'ina, dunduniya, gefe, wajen yatsu, ina neman ɗinki ko wani abu mai tauri. Laushi kawai na ji. Na ce ta sa a leda.

Da ɗana ya dawo daga makaranta na ajiye masa a gaba. Ya daɗe yana kallo.

"Mama, so kike a hango ni daga Shika?"

Na tura masa takalmin kusa da ƙafarsa. Ya sa ƙafa, ya danna gaban takalmin da yatsa, wurin ya lotsa.

"Sai na ƙara girma ke nan, kamar da."

'Ya'yansa suka fashe da dariya, ni ban yi ba. Ya ɗaure igiya, ya taka zuwa bakin rijiya ya dawo, ya cire ya shiga ɗaki. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

Da gari ya waye ina ɗakina na ji an buɗe ƙofar gida. Na fito da kujerata na zauna ina kallon hanya. Masu zuwa gona suka wuce, masu kai yara makaranta suka wuce, bai dawo ba. Ina ta addu'a, kalmomin suna ɓace mini. Can sai na hango ruwan ɗorawa daga ƙarshen layi. Ba gudu yake ba, ba tafiya ba, wani abu ne a tsakani, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Zauna. Cire safa."

"Mama, bari in sha iska mana."

"Cire."

Na riƙe dunduniyar hagu, na shafa, na shafa ta dama, na buɗe tsakanin yatsu. Ƙafar ta ɗan kumbura saboda zafin tafiya, ta cika wurin yatsan da na bari. Fata lafiya lau. Sai kuka ya kece mini a kan ƙafarsa, don na tuna wata dunduniyar da ba wanda ya duba ta a ranar farko.

Har yanzu yana fita, ko da yake wata rana ƙiwa takan kama shi sai na buga masa ƙofa. In ya dawo ba ya jira in ce komai, yakan zauna a gabana ya cire safa.